ZAIBA DA KIFAYEN KOGUNANMU

Jawabin da Jami'in Watsa Labarai na Tarayya ya yi wa masunta da masu haƙar zinariya a wajen taron wayar da kan jama'a a Minna, Jihar Neja



 Maganar da aka aiko ni da ita ta shafi sana'o'i biyu waɗanda dubban magidanta a wannan jiha suke ci da iyalinsu da su, watau su da haƙar zinariya. Dukansu sana'o'i ne na halal, dukansu kuma a bakin ruwa ake yinsu. Amma akwai wani abu da ɗaya take zubarwa a ruwa wanda yake iya kashe ɗayar, ya kuma bi kifi har cikin tukunyar kowane gida, har da gidan wanda ya zubar. Wannan abu shi ne zaiba.

Ban zo don in tsorata kowa ba, ban kuma zo don in ɗora wa wani laifi ba. Na zo ne in bayyana muku abin da masana ilmin kimiyya suka tabbatar, da abin da ya sami waɗansu ƙasashe, da kuma abin da ya kamata mu yi tun da sauran lokaci. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

MECE CE ZAIBA?

Zaiba wani irin ƙarfe ne mai launin azurfa wanda yake a narke kullum, yana gudu kamar ruwa. Yawancinku kun taɓa ganinta a cikin ma'aunin zafin jiki irin na dā da ake sa wa majiyyaci a asibiti. Tana da nauyi ƙwarai, gama lita guda ta zaiba ta ɗara kilo 13. Masana'antu sun daɗe suna aiki da ita wajen yin batir, da fitilun lantarki, da soda, da magungunan feshin iri, da sauransu.

Akwai halaye biyu na zaiba da nake so ku riƙe. Na farko, tana tashi ta zama tururi marar launi, marar wari, ko da a zafin ɗaki ne, balle an ɗora ta a wuta. Mutum yana shaƙarta bai sani ba, huhu kuwa yana tsotse kimanin kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa. Na biyu, zaiba ba ta ruɓewa. Ganye yana ruɓewa ya zama taki, gawar dabba ta zama ƙasa, har magungunan ƙwari da yawa rana da ruwa suna cinye ƙarfinsu a hankali. Zaiba kuwa wuta ba ta cinye ta, ruwa ba ya kashe ta. Iyakarta ta sake kama, ta tashi daga wannan wuri ta koma wancan. Kamar yadda za ku ji nan gaba, sabuwar kamar da take ɗauka a cikin ruwa ta fi ta farko mugunta nesa ba kusa ba.

YADDA TAKE SHIGA RUWANMU

Haƙar zinariya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Minna. An fara fitar da zinariya a Nijeriya bisa lissafin hukuma tun shekarar 1913, aikin kuma ya bunƙasa a shekarun 1930, sa'ad da aka cika wannan yanki da na Birnin Gwari da ramukan haƙa. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa kamfanoni suka watse, amma zinariyar tana nan. Da tsadarta ta ƙaru a kasuwannin duniya sai jama'a suka koma mata, a Shiroro, da Rafi, da Munya, da Paikoro, har da bakin kogin Chanchaga a nan kusa da mu, inda kowa yake ganin maza da mata da yara da kwanoninsu suna wankin yashi.

Ga yadda aikin zaiba yake tafiya a inda ake amfani da ita. A haƙo dutse, a farfasa, a niƙa a inji har ya zama gari. A kai bakin ruwa a wanke. Sa'an nan a zuba zaiba a cuɗa da hannu, ita kuwa ta kama ƙwayoyin zinariya su dunƙule tare. A juye a ƙyalle a matse, abin da ya rage a ƙyallen wani ɗan curi ne mai taushi wanda kusan rabinsa zaiba ce. A ɗora shi a cokali ko a gwangwani bisa garwashi, zaiba ta tashi, zinariya ta zauna.

To, ina zaibar ta tafi? Ta bi hanya uku. Wani kashi ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo, ya bi ruwan wanki ya faɗa rafi nan take. Wani kashi ya maƙale a tarin ƙasar da aka riga aka wanke aka jibge a gaɓa, yana jiran ruwan damina ya kwashe shi. Wanda aka ƙona kuwa ya tashi sama, mai ƙonawa da na kusa da shi suka shaƙi rabonsu, sauran ya sauko bisa rufin gidaje da gonaki, ruwan sama ya wanke shi zuwa kwari. Duk hanyar da ta bi, ƙarshenta ruwa ne.

Wannan matsala ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2015 ayyukan ɗan Adam sun saki tan 2,220 na zaiba a iska, kusan kashi 38 cikin 100 kuwa daga ƙananan masu haƙar zinariya ya fito. Babu wata sana'a a duniya da ta kai wannan.

Ku tuna kuma ruwa ba ya tsayawa a inda aka ɓata shi. Madatsar Tagwai da ma'aikatar ruwa ta Chanchaga su ne suke shayar da yawancin mutanen Minna. Ruwan Chanchaga yana gangarawa har Kwara, kogin Kaduna ma ya ratsa ƙasar Nufe ya haɗu da Kwara a wajen Muregi, Kwara ta wuce Lakwaja har teku. Abin da mutum ɗaya ya zubar a sama, mutum dubu ne suke jiransa a ƙasa.

RIKIƊAR DA TAKE YI A CIKIN LAKA

Yanzu mun zo ga zuciyar maganar, ina roƙonku ku kasa kunne sosai.

Saboda nauyinta, zaiba takan nutse ta kwanta a cikin laka a ƙarƙashin ruwa. A can ƙasa, inda ganyaye da ciyayi suke ruɓewa kuma iska ba ta isa sosai, akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. A cikin harkar neman abincinsu sai su haɗa zaiba da wani sinadari, su mai da ita wani sabon abu wanda masana suke kira metil-zaiba. Mu a nan bari mu kira ta rikiɗaɗɗiyar zaiba. Waɗansu masana biyu na ƙasar Suwidin, Jensen da Jernelov, su ne suka nuna wa duniya haka a shekarar 1969, bayan sun yi gwaji da lakar tafki.

Bambancin da ke tsakanin su biyun babba ne. Zaibar da mai haƙa yake riƙewa a tafin hannunsa ba ta shiga jiki ta hanji sai kaɗan ƙwarai. Haɗarinta yana cikin tururinta. Rikiɗaɗɗiyar kuwa, in ta shiga ciki tare da abinci, hanji yana tsotse kusan dukanta, fiye da kashi 90 cikin 100. Tana manne wa tsoka, tana ƙetarawa zuwa ƙwaƙwalwa, ba ta kuma fita sai da jinkiri mai yawa.

Wuraren da wannan rikiɗa ta fi saurin faruwa su ne ruwa mai kwanciya, da fadama, da tafkin da aka tare da madatsa, musamman sabo wanda ya shanye itatuwa da ciyayi. An ga haka ƙarara a manyan madatsun lardin Kwibek na ƙasar Kanada, inda zaibar jikin kifi ta ninka sau da yawa bayan an cika tafkunan, ta kuma ɗauki shekaru 20 zuwa 30 kafin ta sauko. Ku dubi jiharmu. Muna da Kainji tun 1968, da Jebba tun 1985, da Shiroro tun 1990, ga kuma Zungeru da aka kammala a 2023. Muna da fadamun shinkafa daga Wushishi har Badeggi. Wannan arziki ne da Allah ya ba mu, amma irin wuraren nan ne zaiba ta fi samun damar rikiɗa. Jihar da take da ruwa irin namu ita ce ya fi kamata ta yi hattara.

DAGA ƘARAMI ZUWA BABBA

Masunta sun fi ni sanin cewa a cikin ruwa kowa abincin wani ne. Gansakuka da ƙananan tsirrai su ne tushe. Su ne suke fara tsotsar rikiɗaɗɗiyar zaiba daga ruwa. Ƙwarin ruwa da tsutsotsi da katantanwa su ci gansakuka. Ƙananan kifaye su ci ƙwari. Tarwaɗa da ragon ruwa su ci ƙananan kifaye. Tsage da giwan ruwa su ci na ƙasa da su. Daga nan sai kada, da karen ruwa, da zalɓe, da ɗan Adam.

A kowane mataki abincin yana narkewa ya wuce, amma gubar tana zama. Kifin da ya ci ƙananan kifaye dubu a rayuwarsa ya tara gubar kifi dubu a jikinsa. Saboda haka ake samun babban kifi yana ɗauke da zaiba wadda ta ninka ta ruwan da yake iyo a ciki har sau miliyan guda. Ana iya ɗebo ruwan kogi a auna a ga kamar babu kome, alhali kuwa giwan ruwan da aka kama a wurin ya wuce ƙa'ida. Gwargwadon girman kifi da tsufansa da cin namansa, gwargwadon abin da ya tara.

Wace illa take yi wa kifin kansa? Gwaje-gwaje da yawa sun nuna cewa kifin da yake cin abinci mai rikiɗaɗɗiyar zaiba yakan rage yin ƙwai, waɗansu ma su daina sam. Ƙwan da aka yi, uwa ta riga ta sa masa guba, saboda haka wani ba ya ƙyanƙyashewa, wani ya fito da naƙasa. 'Ya'yan da suka rayu ba sa girma da sauri. Gubar tana taɓa ƙwaƙwalwar kifi kamar yadda take taɓa ta mutum, sai ya rasa kuzarin kama abinci da na tsere wa maƙiyi. Tsuntsayen da suke cin kifi su ma ƙwansu yana raguwa.

Ku lura da bambancin wannan da gamalin. Duk mun san ɓarnar masu zuba gamalin a ruwa don kama kifi: kafin awa guda kifi ya taso fari fat, babba da ƙarami, kowa ya gani, Sarkin Ruwa ya ɗauki mataki. Zaiba kuwa kisan mummuƙe take yi. Ba za ka ga gawar kifi ba. Abin da masunci zai gani shi ne, bana taru bai cika kamar bara ba, baɗi kuma ya kasa bana. Lalle akwai waɗansu dalilai da suke rage kifi, kamar taru mai ƙananan idanu da yawan masu su. Amma kogin da yake fama da waɗannan, in aka ƙara masa gubar da take hana haihuwa, yaya zai farfaɗo?

ABIN DA YA SAMI WAƊANSU

Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. Bari in ba ku labari biyu.

Minamata wani garin masunta ne a bakin teku a kudancin ƙasar Jafan. Akwai masana'antar kamfanin Chisso a garin, wadda tun daga 1932 take aiki da zaiba tana zubar da dattin ruwanta a teku. A can, zaibar tun a cikin masana'anta take rikiɗa kafin ta fito. Dabbobi ne suka fara nuna alama. Aka riƙa ganin kifi yana tasowa, tsuntsaye suna faɗowa daga sama, kyanwoyi suna tangaɗi suna juyi kamar masu rawa, su faɗa ruwa su mutu. Mutane suka yi mamaki, suka ci gaba da cin kifinsu. Ran 1 ga Mayu 1956 likitoci suka kai wa hukuma rahoton wata baƙuwar cuta, bayan an kawo wata yarinya 'yar shekara biyar ba ta iya tafiya, ba ta iya magana sosai. A 1959 masanan Jami'ar Kumamoto suka ce zaiba ce, amma ba a daina zubar da ita ba sai 1968, shekarar da gwamnatin ƙasar ta amince da gaskiyar. Zuwa watan Maris na 2001 hukuma ta tabbatar da mutum 2,265 da cutar ta kama, 1,784 daga cikinsu sun riga sun rasu, ban da dubban da aka biya diyya daga baya. Mafi ban tausayi su ne jariran da aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa, alhali iyayensu mata ba su nuna wata alama mai tsanani ba. An sa raga an killace wannan yanki na teku a 1974, aka yi shekaru ana kwashe laka da kuɗi masu ɗimbin yawa, ba a cire ragar ba sai 1997.

Labari na biyu ya fi kama da namu. A lardin Ontariyo na Kanada, wata masana'anta a garin Dryden ta zubar da kimanin tan 9 na zaiba a kogin Wabigoon tsakanin 1962 da 1970. Wannan zaiba ba rikiɗaɗɗiya ba ce sa'ad da aka zuba ta. Lakar kogi ce ta rikiɗar da ita. Mutanen Grassy Narrows, 'yan asalin ƙasar waɗanda suke zaune can ƙasa da masana'antar, masunta ne kaka da kakanni. A 1970 gwamnati ta hana sun kasuwanci a kogin, sana'arsu ta mutu dare ɗaya. Shekara takwas aka yi ana zubawa, amma bayan shekara 50 ana nan ana samun zaiba fiye da kima a kifin wurin, jikokin masuntan farko suna fama da ciwo.

Jafan da Kanada ƙasashe ne masu kuɗi da ƙwararru. In su sun sha wannan wahala wajen gyara, mu abin da ya fi mana sauƙi shi ne kada mu ɓata. Rigakafi ya fi magani.

ILLARTA GA MUTUM

Wanda yake ƙona zaiba yana shaƙa, alamunsa su ne karkarwar hannu, ciwon dasashi, rashin barci, mantuwa, saurin fushi da ciwon ƙoda. Wanda ya tara rikiɗaɗɗiyar ta hanyar kifi kuwa yakan ji hannu da ƙafa da leɓe sun mutu, ganinsa ya ƙuntata, jinsa ya ragu, tafiya da magana su gagara. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne ɗan da ke ciki, gama gubar tana bin mabiyiya ta isa ƙwaƙwalwarsa tun tana haɗuwa, ɓarnar kuwa ba ta gyaruwa.

Ƙasashe da yawa sun sa iyakar rabin miligiram na zaiba a kowane kilo na yawancin kifin da ake sayarwa, watau rabin giram a tan guda. Ku auna ƙanƙantar wannan. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya tsayar a 2003 cewa kada abin da mutum yake ci a mako ya wuce maikurogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jikinsa. Ga mace mai nauyin kilo 60, in kifin ya kai waccan iyaka, giram 200 a mako ya riga ya cika mata ma'auni. Gidan masunci kuwa kifi ake ci safe da yamma.

Iyayenmu mata, ga abin da nake so ku ji da kyau: wanki ba ya fitar da ita, dahuwa ba ta kashe ta, suya da banda da shanya duk ba sa rage ta, don a cikin tsokar take. Ba ta da wari, ba ta sake ɗanɗanon kifi. Duk da haka kada wanda ya tashi daga nan ya ce an hana cin kifi. Kifi abinci ne mai gina jiki, mai ciki da yaro suna bukatarsa. Shawara ita ce, a wuraren da ke ƙasa da inda ake wankin zinariya, mai ciki da mai goyo da ƙananan yara su fi ba da ƙarfi ga karfasa da ƙananan kifaye, su rage manyan masu cin nama irin su tsage da giwan ruwa.

Kada kuma a haɗa zaiba da dalma. Gubar dalma ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ita ce kuma ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta wannan jiha a 2015. Dalma a cikin dutsen take, ƙurar niƙa ce take kai ta gida. Zaiba kuwa da kuɗinmu muke sayo ta, da hannunmu muke zubawa. Abin da mutum ya kawo da kansa yana da ikon dainawa.

ABIN DA DOKA TA CE

Saboda tunawa da waɗancan masunta na Jafan, ƙasashen duniya sun ƙulla Yarjejeniyar Minamata a watan Oktoba 2013, ta fara aiki ran 16 ga Agusta 2017. Nijeriya ta sa hannu a 2013, ta kuma tabbatar da amincewarta a watan Fabrairu 2018. Yarjejeniyar ba ta haramta sana'ar ƙananan masu haƙa ba. Ta wajabta wa ƙasa irin tamu ta rage amfani da zaiba, ta kuma kawar da miyagun hanyoyi huɗu: zuba zaiba a garin dutse gaba ɗaya tun ba a tace shi ba, ƙona curin zaiba a fili, ƙona shi a cikin unguwa, da zuba sinadarin sayanayid a kan ƙasar da take da ragowar zaiba. Wannan na ƙarshe yana da muni biyu, don sayanayid da kansa yana kashe kifi nan take, yana kuma narkar da zaiba ya sa ta bi ruwa da sauƙi.

A gida kuma muna da Dokar Kamun Kifi a Koguna da Tafkuna mai lamba 108 ta 1992, wadda ta hana su da guba ko nakiya. Da Dokar Ma'adinai ta 2007, wadda ta hana mai haƙa gurɓata ruwa. Da hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tsare dokokin muhalli. Amma ma'aikacin hukuma ba zai kwana a bakin kowane rafi ba. Ku ne kuke wurin dare da rana.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ga masu haƙar zinariya:

1. A tace garin dutse sosai da ruwa da kwano da magudana mai shimfiɗa, har sai ya rage ɗan kaɗan mai nauyi. Wanda ya zuba zaiba a gari gaba ɗaya yana asarar ninkin abin da mai tacewa yake asara, zinariya ma tana bin ɗigon zaibar ta tafi.

2. Kada a cuɗa zaiba a cikin rafi ko a gaɓarsa. A yi a cikin baho ko kwatamin siminti nesa da ruwa, a riƙa mai da ruwan ana sake aiki da shi.

3. Kada a ƙona curi a ɗaki, ko a madafa, ko a shago cikin kasuwa, ko kusa da mata da yara. A yi amfani da rufaffiyar tukunya mai bututu wadda ake kira ritot. Maƙeri yana iya haɗa ta da bututun famfo, tana kama galibin tururin ta mai da shi zaiba, a sake aiki da ita. Lafiya ta tsira, kuɗi ya tsira.

4. A nemi koyon hanyoyin da ba sa bukatar zaiba ko kaɗan, kamar tebur mai girgiza, da narkar da tatacciyar zinariya da gishirin boraks, wanda masu haƙa a ƙasar Filifin suka daɗe suna yi. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙungiya ta gama kai mai rajista tana iya saye.

Ga masunta da Sarakunan Ruwa: ku ne idon kogi. In kun ga ana wanki da zaiba a ruwanku, ko kifi yana mutuwa, ko tsuntsaye da kyanwoyi suna abin da ba a saba gani ba, ku sanar da dagaci da jami'in kula da kifi na ƙaramar hukuma. Muna da Cibiyar Binciken Kifi ta Ƙasa a New Bussa, muna da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a nan Minna tun 1983. In masu bincike sun zo neman samfurin kifi ko laka, ku taimake su, aikinku suke yi.

Ga iyayenmu sarakuna da malamai: ku ne ake zuwa wa neman izinin fili, ku ne ake saurara a masallaci da coci. Ina roƙonku ku sa sharaɗi ga duk baƙo ko ɗan gari da zai yi haƙa a ƙasarku, cewa zaiba ba za ta kusanci ruwan da jama'a suke sha ko suke su ba, yara kuma ba za su taɓa ta ba.

Jama'a, zinariyar rami tana ƙarewa. Kakanninmu sun ga ramukan 1930 sun cika da mutane, sun kuma ga sun zama kufai. Kogi kuwa, in an kiyaye shi, kowace damina sabon kifi yake haifarwa, ya ciyar da ɗa kamar yadda ya ciyar da uba. Amana ce aka bar mana, za a kuma tambaye mu yadda muka bar wa na baya. Mai haƙa da masunci 'yan gari ɗaya ne, sau da yawa ma 'yan ɗaki ɗaya. Ku zauna tare ku tsai da shawara tun kafin ruwan bana ya sauko ya kwashe abin da yake jibge a gaɓa.

Wanda ya sami wannan ɗan littafi, in ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya albarkaci ruwanmu da ƙasarmu Nijeriya.